Kirari Ba Shaida: Tarken Salon Tallan da Na'ura Ke Rubutawa

1.0 Gabatarwa

Daga shekarar 2020 zuwa yau an sami babban sauyi a sana'ar rubuta talla. Aikin da a da sai kamfani ya ɗauki marubuci, ya zauna ya yi nazarin kaya kafin ya fitar da layi biyu ko uku na yabonsu, yanzu manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna yin sa cikin 'yan daƙiƙoƙi. Bayanin kaya a shagunan intanet, da wasiƙun neman ciniki, da gajerun saƙonnin da ake bazawa a Facebook da Instagram da WhatsApp, duk sun shiga hannun waɗannan manhajoji. Galibin muhawarar da ake yi a kan lamarin ta tsaya ne a kan riba da saurin aiki da makomar ma'aikata. Ba kasafai ake tsayawa a dubi rubutun kansa ba.

Manufar wannan maƙala ita ce yin tarken irin wannan rubutu a matsayinsa na zancen fasaha, wato a auna shi da ma'aunin da ake auna kowane zance da aka tsara domin jan hankalin mai sauraro. Ba za a taɓo hotuna da fina-finan da na'ura ke haɗawa ba, sai inda suka shafi rubutu. Abin da maƙalar take son nunawa shi ne, na'ura ta gwanance a kirari, amma ba ta da shaida a kan abin da take yi wa kirarin, kuma yawancin aibobin salonta daga nan suka samo tushe.

2.0 Talla da Ma'auninsa

Talla shi ne bayyana haja ga jama'a da nufin a saya. A al'adar Hausawa talla daɗaɗɗen fage ne na fasahar baka. Akwai waƙoƙin talla na 'yan mata masu ɗaukar tire, akwai zancen ɗan koli da na dillali, akwai kuma surutun ɗan magori, wanda har aka yi masa kirari da wasa kanka da kanka. Da boko ya zo, talla ya shiga shafukan jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, daga baya kuma ya shiga gidajen rediyo da talabijin.

Idan aka dubi waɗannan nau'o'i za a ga cewa babu wanda ya kuɓuta daga zuzutawa. Abin da masana feɗe waƙa irin su Abdulƙadir Ɗangambo suke kira kambamar zulaƙe, jinin jikin talla ne. Mai saye kuwa ya san da haka, shi ya sa yake rage wani abu daga duk abin da ya ji, kamar yadda yake ragewa daga farashin da aka fara yi masa suna. Abin da ya sa wannan wasa bai zama zamba ba shi ne, a bayan kowace zuzutawa akwai mutum tsaye. Mai fura ta san geron da aka daka, dillalin shanu ya shafa bayan saniyar, kuma gobe ma za a same su a inda aka bar su. Idan kaya suka saɓa wa kirarinsu, akwai wanda za a tsare da tambaya, akwai kuma wanda zai ji kunya.

Ta la'akari da wannan, za a iya fitar da ma'aunai uku na tarken talla. Na farko shi ne dangantakar yabo da haƙiƙanin kayan. Na biyu shi ne samuwar mai magana wanda zai ɗauki alhakin abin da aka faɗa. Na uku shi ne dacewar harshen da kunnen wanda ake yi wa tallan. Da waɗannan za a auna rubutun na'ura.

3.0 Manhajojin da Yadda Suke Aiki

A shekarar 2020 kamfanin OpenAI na Amurka ya fitar da tsarin harshe mai suna GPT-3. A kansa ne aka gina manhajojin rubuta talla irin su Copy.ai a 2020 da Jasper a 2021. A watan Oktoba na 2022 Jasper ya sami jarin dala miliyan 125, aka kuma ƙiyasta darajarsa a kan dala biliyan ɗaya da rabi, abin da ke nuna girman fatan da aka ɗora a kan wannan sana'a. A ranar 30 ga Nuwamba na wannan shekara aka fito da ChatGPT, wanda ya sa duk mai wayar hannu ya sami marubucin talla a aljihunsa.

Yadda waɗannan manhajoji ke aiki yana da muhimmanci ga mai tarke. An ciyar da su da tarin rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, suka koyi wace kalma ce ta fi dacewa ta biyo bayan wace. Idan aka ba su umarni, sai su riƙa jera kalmomi ɗaya bayan ɗaya bisa wannan ƙiyasi. Sakamakon haka abu biyu ne. Na ɗaya, abin da ya fi yawa a rubuce shi ne ya fi saurin fitowa daga bakinsu, wato lafuzzan talla da aka riga aka gaji da ji. Na biyu, galibi abin da suka sani game da kayan da ake so su yaba bai wuce abin da mai umarni ya gaya musu ba. Inda ya bar giɓi, sukan cike shi da abin da ya yi kama da gaskiya, ko da ba gaskiyar ba ce, kuma da murya ɗaya suke faɗar duka biyun.

4.0 Tarken Salo

4.1 Yabon da Bai San Kaya Ba

Misalin da ya fi fito da wannan aibi fili shi ne abin da ya faru a birnin Glasgow na Sikotland a watan Fabrairu na 2024. An tallata wani biki na yara da aka gina a kan labarin Willy Wonka, mai masana'antar cakulan na littafin da Roald Dahl ya wallafa a 1964. Hotuna da kalmomin tallan na na'ura ne. An yi wa iyaye alkawarin wata duniya ta alewa da abubuwan mamaki, kuma kuɗin shiga ya kai fam 35. Da aka je, sai aka tarar da wani ɗakin ajiyar kaya kusan wayam, da 'yan kayan ado jefi-jefi. Abin da yara suka samu bai wuce 'yan ƙwayoyin alewa da ɗan lemo a kofi ba. Iyaye suka fusata, aka kira 'yan sanda, aka kuma soke bikin a ranar farko.

Laifin wannan ɓarna na masu shirya bikin ne, domin mutane sun iya yaudara tun kafin a ƙera kwamfuta. Amma abin lura ga mai nazarin salo shi ne yanayin rubutun. A cikin hotunan tallan akwai kalmomin da babu su a kowane ƙamus na Turanci, sun dai yi amon kalmomin zuzutawa ne kawai. Duk da haka ɗaruruwan iyaye sun sayi tikiti. Wannan ya nuna cewa siffar yabo kaɗai, ko da babu ma'ana a cikinta, tana iya aikin talla na ɗan lokaci. Ɗan magori, komai zuzutawarsa, yana riƙe da ƙullin maganinsa a hannu, kuma zancensa yana kewaya wannan ƙulli ne. A Glasgow yabo ne ya riga kaya zuwa duniya, cinikin kuwa ya zama na biri a sama.

Ba lalle ne aibin ya kai wannan matsayi ba kafin a gane shi. A tallan yau da kullum yakan fito ne ta hanyar yawan sifofi da ƙarancin sunaye. Za a ji cewa kaya na musamman ne, masu inganci ne, babu kamarsu, amma ba za a ji daga ina suka fito ba, ko da me aka yi su, ko kwana nawa za su yi kafin su lalace. Sifa ba ta buƙatar sani, shi ya sa na'ura take yawaita ta. Suna da adadi kuwa sai wanda ya gani. Gwajin da ya fi sauƙi shi ne a cire sunan hajar a sa na wata. Idan tallan man shafawa ya zauna daram a kan shinkafa ko takalmi ba tare da an sauya komai ba, to bai faɗi komai game da man ba.

4.2 Zancen da Ba Shi da Mai Shi

Ma'auni na biyu shi ne samuwar mai magana. Nau'in talla mafi ƙarfi shi ne shaidar wanda ya yi amfani da kaya, domin gani ya kori ji. Na'ura tana iya rubuta irin wannan shaida da lamirin mutum na farko, ta ce ta sa takalmin ta yi gudu da shi, ko ta shafa man fatarta ta yi laushi, alhali ba ta da ƙafa ba ta da fata. A nan zuzutawa ta tashi daga adon harshe ta koma shaidar zur.

A watan Nuwamba na 2023 wata kafar labarai mai suna Futurism ta bankaɗo cewa mujallar wasanni ta Sports Illustrated ta buga sharhohin kayan sayarwa da sunayen marubutan da babu su, tare da hotunan fuskokin da na'ura ta ƙirƙira. Mawallafan mujallar sun ce wani kamfani ne na waje ya samar da rubuce-rubucen, kuma ya tabbatar musu cewa mutane ne suka rubuta da sunayen aro. Duk da haka an cire su daga shafin. Ko ma wane ne ya jera kalmomin, abin da ya fusata masu karatu shi ne an ba su shawarar sayen kaya da sunan mutumin da ba za a taɓa samunsa a tambaye shi ba. A watan Agusta na 2024 hukumar kula da ciniki ta tarayyar Amurka ta fitar da ƙa'idar da ta haramta shaidun ƙarya a kan kaya, ta kuma ambaci waɗanda ƙirƙirarriyar basira ke rubutawa.

Haka kuma a watan Fabrairu na 2024 wata kotun ƙananan ƙararraki a lardin British Columbia na Kanada ta yanke hukunci a kan kamfanin jiragen sama na Air Canada, bayan manhajar amsa tambayoyi ta shafinsa ta ba wani fasinja bayanin rangwame da ba daidai ba. Kamfanin ya nemi a ɗauki manhajar a matsayin mai alhakin maganarta, kotun kuwa ta ƙi, ta ce duk abin da ke shafin kamfani maganar kamfani ce. Wannan hukunci ya yi daidai da abin da kasuwar gargajiya ta daɗe da sani, wato duk wanda ya aiki yaro talla, shi ne mai amsa ƙarar abin da yaron ya faɗa. A Nijeriya ma dokar 2022 da ta kafa hukumar ARCON a madadin APCON ta tanadi a tantance talla kafin a fitar da shi, kuma hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana sa ido a kan tallan magani da abinci. Mai haja ne zai amsa tambaya a gaban waɗannan hukumomi, ko da wace manhaja ya yi amfani.

4.3 Turanci Cikin Rigar Hausa

Ma'auni na uku ya fi shafar masu nazarin harsunan Nijeriya. Masu ƙera GPT-3 sun bayyana cewa kimanin kashi 93 cikin ɗari na kalmomin da aka horar da shi a kansu na Turanci ne, sauran harsunan duniya kuma suka raba ragowar. Rabon Hausa a irin wannan taska kaɗan ne ƙwarai. Saboda haka idan aka nemi manhaja ta rubuta talla da Hausa, sau da yawa abin da ke fitowa ginin Turanci ne da aka lulluɓe da kalmomin Hausa. Ga misali da aka tsara domin wannan nazari, wanda ya tattara siffofin da aka saba gani:

"Shin kana neman kilishi mafi kyau? Kada ka ƙara dubawa! Nutse cikin duniyar ɗanɗano, ka buɗe sirrin farin ciki da kilishinmu na musamman, wanda aka ƙera da ƙauna domin ɗaukar rayuwarka zuwa mataki na gaba."

Kowace kalma a nan Hausa ce, amma da wuya a sami Bahaushen da zai furta jimla ɗaya daga ciki. "Kada ka ƙara dubawa" hani ne a kunnen Bahaushe, kamar ana korar mai saye daga gaban tebur. Nutsewa a Hausa halaka ce, ba ta da alaƙa da jin daɗi. Ƙira aikin maƙeri ne, ba a ƙera nama. Ɗaukar rayuwa kuwa ya fi kusa da kisa. Siffantawar da ta zama ruwan dare a tallan Turanci, har ba a jin ta, idan aka juyo ta kalma da kalma sai ta farka da wata ma'ana dabam. A kwatanta da wannan:

"Kilishin cinyar sa ne, jiya aka shanya, yau da safe aka gasa. Labunsa tunkuza ce da citta da kanumfari da masoro, yajin daidai, yara ma za su ci. A ɗanɗana kafin a biya."

Babu sifar zuzutawa ko ɗaya a wannan, amma ya fi jan rai, domin kowane yanki nasa sai wanda ya tsaya a bakin wutar ne zai iya faɗarsa. Jimlar ƙarshe kuma alkawari ce da za a iya kama mai ita da ita.

Akwai kuma matsalar lamiri. Turanci yana da kalma ɗaya ga wanda ake yi wa magana, Hausa kuwa sai an zaɓa tsakanin "ka" da "ki" da "ku", ko a kauce musu da "a". Wannan zaɓi sanin mai saye ne. Tallan kayan lalle da ya ce "ka saya" ya nuna bai san da wa yake magana ba, wanda kuma ya fara da "ku" ya ƙare da "ka" ya nuna babu kowa a gabansa. Daɗin daɗawa, rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, saboda haka "fata" ta jiki da "fata" na buri, ko "gari" na tuwo da "gari" na zama, kamanninsu ɗaya ne a takarda. Mai jin harshen yana rarrabewa daga muhallin zance, na'urar da ba ta ga Hausa da yawa ba kuwa takan yi tuntuɓe.

Illar ba ta tsaya a kan talla ɗaya ba. Tun da aka sa Hausa cikin manhajar fassara ta Google a 2013, rubutun Hausa na inji yake ƙaruwa a intanet. Wani bincike da masana na kamfanin Amazon suka fitar a 2024 ya nuna cewa kaso mai yawa na abin da ke intanet cikin harsunan da ba su da rubutu da yawa, fassarar na'ura ce maras inganci. Da irin wannan rubutu ake horar da manhajojin gaba, kuma shi ne matasa ke karantawa kullum a wayoyinsu. Ana iya kai wa matsayin da gurɓataccen gini zai zama shi ne sananne, ingantaccen kuma ya zama baƙo.

5.0 Inda Na'ura Ta Yi Rawar Gani

Adalcin tarke ya buƙaci a faɗi inda manhajojin suka amfanar. A 2018 kamfanin Alibaba na ƙasar Sin ya ce manhajarsa tana iya fitar da layukan talla 20,000 a daƙiƙa ɗaya domin 'yan kasuwar da ke shafinsa. Ga shagon da ke da dubban kaya, kowanne yana buƙatar bayanin girma da launi da farashi, wannan sauƙi ne na gaske, kuma rubutun bai da'awar zama adabi. A 2019 bankin JPMorgan Chase na Amurka ya ƙulla yarjejeniyar shekara biyar da kamfanin Persado, bayan gwajin da suka ce ya nuna wasu kalaman da na'ura ta tsara sun jawo masu latsa talla fiye da na marubutan bankin da ninki mai yawa.

Abin lura shi ne, a waɗannan wurare biyu mai haja ne ya kawo gaskiyar kaya, na'ura kuma ta sarrafa lafazi kawai. Bankin ya san ruwan bashinsa da sharuɗɗansa, abin da yake nema shi ne wace jimla ce cikin goma ta fi jan ido. Wannan aikin zaɓe ne da gwaji, kuma na'ura ta fi mutum juriya a kansa. Sai dai yawan latsawa ma'aunin jan hankali ne na nan take, ba ya auna ko mai saye ya koma gida da yarda. Iyayen Glasgow ma sun latsa. Ga ƙaramin ɗan kasuwa da ba shi da halin ɗaukar marubuci, manhaja tana iya ba shi tsarin farko da zai gyara, matuƙar shi ne zai zuba mata sunaye da adadi, ya kuma karanta abin da ta rubuta da kunnen mai jin harshe kafin ya saki.

6.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta auna tallan da na'ura ke rubutawa da ma'aunai uku da aka ciro daga al'adar talla. An ga cewa yabonsa yakan cika da sifofi saboda bai san kaya ba, shaidarsa takan rasa mai ita, Hausarsa kuma takan ɗauko ginin Turanci. An kuma ga cewa yana amfani a inda mai haja ya riƙe gaskiyar kaya ya bar wa na'ura jeren kalmomi. Aikin da ke gaban sassan nazarin harsunan Nijeriya shi ne su shigar da irin wannan rubutu cikin abin da ake feɗewa a aji, kamar yadda ake feɗe waƙa da zube, su kuma tattara ingantattun tallace-tallacen baka da na rediyo a rubuce, domin ɗalibai da masu ƙera manhajoji su sami abin koyi. Ga masu sana'ar kuwa, tambayar da ta dace a yi wa kowane layi kafin a fitar da shi ita ce, wa ya ga abin da aka faɗa, kuma wa zai tsaya idan mai saye ya dawo da kayan.